Shari'a, Zunubi da Alheri a Wasiƙun Bulus

Dangantakar Shari'a da zunubi da alheri batu ne na tauhidin Kirista wanda ya samo tushe daga wasiƙun manzo Bulus, musamman Galatiyawa da Romawa. Ana jin a Koranti ya rubuta Romawa, wajen shekara ta 57 Miladiyya. Shari'a a nan dokokin Musa ake nufi, wato Attaura.

Koyarwar Bulus

A Romawa 7:7 Bulus ya ce da bai san ƙyashi ba, in ba don Shari'a ta hana shi ba. Shari'a tsattsarka ce a wurinsa. Aikinta tona zunubi, amma ba ta da ikon kawar da shi. A 5:20 ya ce inda zunubi ya yawaita, alheri ya fi shi yawa, sannan a farkon sura ta 6 ya ƙi amincewa a mai da wannan hujjar ci gaba da saɓo.

Kalmar alheri

Nan ne mai karatu da Hausa ya kamata ya dakata. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma kalmar da Kiristoci suka saba da ita, alheri, ta zo da nata kaya. Bahaushe kan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza: wanda ya kai gudummawar biki yana sa rai ranar nasa bikin za a rama masa. Romawa 4:4 kuwa ta raba hakkin ma'aikaci da kyauta. Alherin da Bulus yake nufi ba biki ba ne da ake ramawa, kuma wannan bambanci ne mai wa'azi da Hausa a majami'un Jos, na ɗarikar ECWA ko ta COCIN, yake bukatar fayyace wa jama'a.

Tarihi

Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi jayayya da Pelagiyus, wanda ya ɗauka mutum na iya bin doka da ƙoƙarinsa. Taron bishop-bishop na birnin Kartaj a 418 ya goyi bayan Agustin, cewa mutum ba ya iya bin doka sai da alherin Allah. Martin Luther, wanda ɗarikar Lutheran ta samo suna daga gare shi, ya farfaɗo da batun a ƙarni na 16, Taron bishop-bishop na birnin Trent ya ba da amsar Katolika a 1547, sai a 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa a Augsburg ta Jamus.

Saɓani

Wasiƙar Yakubu 2:17 ta ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Ɗarikoki sun bambanta kan yadda za a daidaita ta da Bulus.