Ba shanun Sukuma kaɗai ne suka cinye dajin Shinyanga ba

Ana yawan cewa kiwon shanu barkatai na 'yan ƙabilar Sukuma ne ya mayar da yankin Shinyanga na Tanzaniya fako, har shugaban Tanzaniya na farko, Julius Nyerere, ya kira shi hamadar ƙasar. Shanun suna da nasu laifin, amma an ɗora musu fiye da kima.

Tun shekarun 1920 Turawan Ingila suka sa jama'a sare daji don kawar da ƙudan tsando. Noman auduga ya ci wani ɓangaren. Sai kuma shirin Ujamaa na shekarun 1970 da ya kwashe mutane ya tara su a sababbin ƙauyuka, suka rabu da filayen da suka saba kula da su.

Alhali manomin Sukuma ya daɗe da dabararsa, wato ngitili. Da damina ta faɗi sai ya killace wani fili, ba a kora ko ɗan maraƙi a ciki. Ciyawa ta yi tsayi, ƙananan itatuwa su tofo, sai rani ya tsananta a buɗe wa dabbobi. Akwai na gida, akwai na gari baki ɗaya. Wanda ya saci kiwo kuwa, dattawa su ci shi tara, 'yan sintirin Sungusungu su tabbatar ya biya.

Da gwamnati ta kafa shirin HASHI na kare ƙasar Shinyanga daga lalacewa a 1986, wannan tsohuwar al'ada ce ta fi yi mata aiki, aka farfaɗo da dubban hektoci a ɗaruruwan ƙauyuka.