Sauya abin saiti a ƙaramar bindiga mai ɗura kanta

Abin saiti ƙananan ƙarafa biyu ne da ke bisa ƙaramar bindiga, waɗanda maharbi ke daidaita idonsa da su. Na gaba ɗan tsini ne kusa da bakin bindiga, na baya kuwa yana da tsagi a tsakiyarsa. A bindigar da ke ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, galibi dukansu suna zaune ne a kan murfin sama, wanda ke ja da baya ya dawo. Masu harbin allo don nishaɗi ko gasa sukan cire waɗanda kamfani ya sa su maye gurbinsu da wasu.

Dalilin sauyawa

Abin saitin kamfani an yi shi ne don kowa da kowa. Wasu kamfanoni, kamar Glock na ƙasar Ostiriya, sun saba sa na roba, wanda ke saurin cinyewa. Mai harbin allo kuma so yake ya ga gefen tsinin gaba tsaf, da ɗan haske hagu da dama a cikin tsagin baya. Shi ya sa da yawa suka fi son samfurin Patridge, mai baƙin tsini da tsagi masu kusurwa huɗu, wanda ya samo sunansa daga maharbin Amurka E. E. Patridge tun ƙarshen ƙarni na 19. Akwai mai ɗauke da siririn zaren roba ja ko kore da ke tara hasken rana. Akwai kuma mai 'yar kwalbar iskar tiritiyam da ke haskawa cikin duhu, sai dai ƙarfinta na raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, kuma ba ta ƙara wa mai harbin rana komai.

Yadda ake ɗaura shi

Galibi abin saitin baya yana shiga ne ta gefe, cikin wani rami da aka yanka a murfin, gindinsa ya fi bakinsa faɗi. Matsewa ce kawai ke riƙe shi, wani lokaci da ɗan sukuru. Na gaba ya danganta da ƙira. A Glock sukuru ne mai kai kusurwa shida, na inci 3/16, ake ɗaurewa daga cikin murfin. A tsohuwar M1911 ta John Browning kuwa ƙafar tsinin ake sakawa cikin huda a bubbuge ta daga ciki har ta kama, aikin da ya fi dacewa da maƙerin bindiga. Ramukan ma ba girmansu ɗaya ba: yankan da ake yi wa abin saitin kamfanin Novak daban, na kamfanin Bo-Mar daban.

Kafin a taɓa komai ana cire gidan harsashi, a duba cikin bututu da ido, a fitar da harsasai daga wurin aikin, sannan a raba murfin da jikin bindiga. Ana tura tsohon abin saiti da na'urar turawa mai murɗi, ko a buga shi a hankali da sandar tagulla ko ta nailan, don ta ƙarfe tana barin tabo, bugu kuma na iya fasa kwalbar tiritiyam. Wasu ramukan sun fi faɗi a gefe ɗaya, don haka sai an duba littafin kamfani a san ta inda ake fitarwa. Idan sabon ya ƙi shiga, gindinsa ake gogewa da magagari kaɗan-kaɗan. Ba a taɓa murfin, domin shi ne mai tsada.

Lissafin tsayi

Nan ne masu saye suka fi tafka kuskure: a zaɓi launi mai ɗaukar ido, a manta da tsayi. Ƙa'idar ita ce, ana matsar da na baya zuwa inda ake son harsashi ya koma, na gaba kuwa akasin haka. Bindigar da ke harbi ƙasa tana buƙatar tsinin gaba mafi gajarta, ko na baya mafi tsayi.

Ana samun adadin gyaran ta ninka kaucewar harsashi da tazarar da ke tsakanin abubuwan saitin biyu, a raba da nisan allo. A Glock 17 tazarar kusan milimita 165 ce. Idan harsasai na sauka milimita 75 ƙasa da inda aka auna daga mita 25, wato milimita 25,000, lissafin zai ba da kusan rabin milimita. Abin da ido ba ya ko lura da shi, shi ne ke raba tsakiyar allo da gefensa.

Tsayin da ya dace ya danganta kuma da yadda mutum ke aunawa. Wasu kan ɗora tsini a tsakiyar baƙin da'irar allo, wasu a gindinta, harsashi ya sauka sama da tsinin. Nauyin harsashi ma na sauya inda yake faɗawa, abin da ya sa masu gasa ke son abin saitin baya mai sukurori biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Gwaji kuwa da bindiga jingine a kan buhun yashi ake yi, harsashi biyar ko fiye, don kada a ɗora wa ƙarfe laifin yatsan da ke fizgar kunama.

Jan ɗigo da dokokin gasa

Kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fito da madubin saiti mai jan ɗigo a 1975, daga baya aka ƙanƙanta irinsa har ya hau murfin ƙaramar bindiga. Yana taimakon masu shekaru da idonsu ya daina ganin abu na kusa sosai. Ɗaura shi galibi na buƙatar murfin da aka yanka masa gurbi. Hukumar ISSF, mai kula da harbin Olamfik, ba ta yarda da shi ba a gasar ƙaramar bindiga ta mita 10 da ta mita 25, yayin da IPSC, wata ƙungiyar gasar harbi ta duniya da aka kafa a 1976, ta ware wa masu amfani da shi rukunoni na musamman.