Wai me ake nufi da "difiloi" da "furodakshan" da yaran kwamfuta ke ta faɗa?

Duk wanda yake zama da yaranmu masu koyon rubuta manhaja a nan Legas, ko a Yaba ko a Agege ko cikin guruf ɗin WhatsApp, ya san kalmomin nan biyu basa barin bakinsu, kaji ance "jiya nayi difiloi", wani kuma yace "abin ya faɗi a furodakshan". Ina so in warware su ne saboda ba masu kod, wato rubutun da ake haɗa manhaja dashi, kaɗai ke buƙatar sani ba, har masu bada aikin, don a daidai wannan gaɓar ake yawan samun rigimar kuɗi, yaro yace ya gama, mai kuɗi yace shi bai ga komai a wayarsa ba.

Difiloi shine ka ɗauki manhajar da ka rubuta a laftof ɗinka ka ɗora ta kan wata kwamfuta da ba'a kashewa dare da rana, wadda ake ce ma saba, ka tada ta a can yadda duk wanda ya buga adireshin a wayarsa zai same ta. Furodakshan kuma itace sabar ta gaske, wadda jama'a ke shiga da sunansu na gaske da kuɗinsu na gaske. Masu tsari suna ajiye wata a tsakani, sabar gwaji, kamarsu ɗaya da ta gasken sai dai ba kwastoma a ciki, can ake fara zuba sabon abu a ga ko zai fashe.

Lokacin da yaro ke aiki a laftof ɗinsa adireshin da yake buɗewa shine localhost:3000 ko localhost:8000, kuma localhost ɗin nan, wato 127.0.0.1, kowace na'ura kanta take nufi dashi. Shi yasa zaka ga sabon shiga ya haɗa ma wani Alhaji mai buhunan albasa a Mile 12 manhajar rubuta kaya da bashi, cikin murna ya tura masa localhost:3000 yace "Alhaji a duba", Alhaji ya danna ya sake dannawa, yace ɗan nan ko datata ce ta ƙare, alhali wayarsa cikin kanta take neman abin da ke zaune a laftof ɗin yaro a Idi-Araba. Manhajar lafiyarta ƙalau, ba'a yi difiloi bane kawai.

Wani zai ce toh me zai hana in bar laftof ɗina a kunne kawai? Ɗan uwa wutar NEPA da kuɗin man janareto da netwok ɗin gida ba zasu barka ba. Saba tana zaune ne a gini na musamman mai sanyi da wuta kala biyu uku da layukan intanet da yawa, kuma muna dasu a garin nan, akwai Rack Centre a Ikeja, akwai MDXi da kamfanin MainOne ya gina a Lekki. Da yawa kuma haya suke kamawa a kamfanonin waje irin DigitalOcean ko AWS ko Hetzner, sabar tana Turai, irin Landan ko Frankfurt, saƙon yana bi ta wayoyin ƙarƙashin teku irin MainOne da ta fara aiki a 2010 da Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022. Waɗanda suka tuna watan Maris na 2024 da wayoyin nan da dama suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma har manhajojin banki suka riƙa wahalar da mutane, sun san inda saba take zaune ba ƙaramin zance bane.

Shi aikin kansa ga yadda yake tafiya. Kana shiga sabar daga nesa ta wata hanya mai tsaro da ake ce ma SSH, baƙin allo ne kawai da rubutu, ba linzami ba hoto, yawanci ba Windows bace a kai, Ubuntu ce, wani nau'in Linux. Ka jawo kod ɗinka daga GitHub, shafin da masu kod ke ajiye aikinsu, ka girka duk abubuwan da ya dogara dasu, ka haɗa shi da rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL, sannan ka sa manhajar Nginx ko Apache a gaba su riƙa karɓar baƙi ta ƙofa ta 80 da ta 443 suna miƙa ma manhajar. Sai ka sa mai gadi irin PM2 ko systemd, in manhajar ta faɗi ko sabar ta sake tashi ya tada ta da kansa, don in da hannu ka kunna ta a taminal, wato baƙin allon nan, kana rufe laftof tana iya mutuwa. Sai domen, wato sunan adireshin da mutane zasu buga, ka saye shi, in na .ng ne ƙungiyar NiRA ce ke kula dasu, ka nuna shi ga lambar IP ta sabar, lambar da ake gane ta da ita a intanet. Sai kwaɗon nan na https, shaidar tsaron shafi, Let's Encrypt na bada shi kyauta amma bayan kwana 90 yake ƙarewa, in baka saita ya riƙa sabunta kansa ba wata safiya kwastoma zasu buɗe suga burauza na musu gargaɗi, su gudu. Masu ƙaramin shafi da aka rubuta da yaren PHP su kam sau da yawa cPanel ne, wani shafin sarrafa saba da linzami, a zuba fayil cikin public_html shikenan, wannan ma difiloi ne.

Inda nake so a tsaya a nutsu shine bambancin laftof da furodakshan, don wallahi nan ne ake kuka. Kamar wanda ya koyi tuƙi a filin makaranta ne aka ce ya hau gadar Third Mainland ƙarfe bakwai na safe, motar ɗaya ce amma komai ya canza. Windows bata damu da babban baƙi ko ƙarami a sunan fayil ba, Linux ta damu, ka sa ma hoto Logo.png a kod ka rubuta logo.png, a gida yana fitowa, a saba ya ɓace. Agogon saba yawanci akan UTC yake, wato agogon GMT, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, sai cinikin sha biyu da rabi na dare ya faɗa lissafin jiya, Alhaji yana haɗa kuɗi yaƙi haɗuwa. Mai gina manhaja da Django ya manta DEBUG, saitin neman kuskure, a kunne wato True, da an samu kuskure shafin ya baje ma kowa sirrin cikin manhajar. Makullan Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, akwai na gwaji masu farawa da sk_test akwai na gaske masu sk_live, ka bar na gwaji a furodakshan sai manhaja tace an biya alhali ko kwabo bai shiga ba. Su waɗannan makullai da kalmar sirrin rumbun bayanai a fayil ɗin .env ake ajiye su, kuma don Allah kar a tura shi GitHub, akwai na'urorin da ba su da aiki sai bin shafukan suna tsintar makullan da mutane suka yar.

Kuma kar ace sai yara ke wannan. A ƙarshen Yuli 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabon kod a sabobinsa guda 8, ɗaya bata samu ba ta cigaba da tsohon, ranar 1 ga Agusta cikin minti 45 kacal suka yi asarar wajen dala miliyan 440.

Shi yasa ni a wurina wanda ya iya difiloi shine wanda ya san hanyar komawa baya. Kafin ka taɓa rumbun bayanai ka ɗauki kwafinsa ka ajiye a wani wuri daban da sabar, kuma ka gwada dawo dashi ko sau ɗaya ne kaga yana buɗuwa. Ka riƙe tsohon kod kusa yadda in sabon ya ƙi, cikin minti biyu ka maida na jiya sannan ka zauna kayi bincike a nutse. Bayan ka ɗora ka ɗauki wayarka da data, ba wayfay ɗin ofis ba, ka shiga kamar kwastoma, kayi rajista, ka biya, ka leƙa log, inda sabar ke rubuta duk abin da ya faru, kaga ko akwai kuskure. Kayan aiki irin su GitHub Actions da Docker suna rage kuskuren hannu sosai amma nafi son yaro ya fara yi da hannunsa ya gane abin da ke faruwa tukun. Maganar kar ayi difiloi da yammacin Juma'a kuwa ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari in ku biyu ne ko kai kaɗai, don in ta fashe kana cikin cunkoson hanyar Ikorodu ba mai gyarawa.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu masu bada aiki, kafin ku cika kuɗi ku buɗe adireshin a wayarku da kanku, ku tabbata domen da asusun sabar da sunanku da imel ɗinku aka buɗe ba na yaron ba, ku tambayi nawa ne kuɗin saba duk wata, nawa ne na domen duk shekara, waye zai riƙa biya, kuma ina ake ajiye kwafin bayananku. Sannan ku ware ma yaron wani abu na kula da ita duk wata, don sabar tana buƙatar mai leƙa ta ko bayan an gama.