Masu tambaya kan ƙungiyar waƙarmu ta Agege, ga amsa

Tun da muka fara haɗuwa ran Lahadi da yamma, tambayoyin nan ake ta jefo min. Bakina ya gaji.

Ba ni da murya, zan iya shiga?
Shigo. Amshi za ka yi. Cikin mutum talatin wa zai tsinci taka?

Ana biya?
Kuɗin ruwan leda kawai.

Waƙar coci ce ko ta bege?
Ba ko ɗaya. Masu Ishiriniya suna da zaurensu lokacin Maulidi, matan Zumunta na ECWA suna da tulunsu. Mu waƙoƙin daka, na gaɗa da na biki muke yi, irin waɗanda iyayenmu mata suka raine mu da su. Shi ya sa Musulmi da Kirista ke tsayawa sahu ɗaya ba mai tsarguwa.

Muna so mu kafa tamu a Idi-Araba, a ina za mu riƙa bita?
To, nan gizo ke saƙar. Kada ku fara a gidan haya. Mun gwada, a tsakar gida mai ɗaki goma sha biyu, ba a yi mako uku ba mai gidan ya yi mana iyaka da ƙofarsa, kuma da gaskiyarsa, akwai mai jego. Legas ba ta wasa da hayaniya: a 2016 gwamnatin jiha ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara, kuma hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, na karɓar ƙorafin maƙwabta. Ajin makarantar firamare bayan an tashi ya fi, in shugaban makarantar ya yarda, kodayake wani zai ce sai ya tambayi na sama, daga nan shiru. Ku fara gaida sarkin Hausawan unguwarku, wataƙila ya sa baki, ban dai yi muku alkawari ba. Lasifika kuwa ku manta da ita. Lokaci ma sai kun auna: mai tasowa daga Alaba Rago ran aiki gosulo zai cinye shi, ga magariba. Mu Lahadi bayan la'asar ta karɓe mu, ku wataƙila Asabar.

Wai me waƙa za ta ƙara min?
Zo ka gani. Akwai wata Bayarabiya tela da “sannu” kaɗai ta iya, tana tsayawa kusa da wata mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Tare suke jan numfashi, tare suke sauke baiti. Da mai tumatir ta kwanta ciwo, telar ce ta fara isa da kular abinci.

In na makara fa?
Haba ɗan'uwa. Ƙarfe huɗu da rabi muka ce. Ka shigo a hankali, ka tsaya baya, ka kashe wayarka.