Ciwon kan da gwajin maleriya ba ya ganowa

A ƙaramin asibitin da nake aiki a nan Gombe, da wuya mako ya wuce ban ga irin wannan mutumin ba. Malamin makaranta ne, ko ma'aikacin banki, ko tela a jajibirin salla. Da ya zauna sai ya ce, "Malama, maleriya ce da taifod, a rubuta min allura kawai in koma aiki." A yi gwaji, ba a ga komai ba. A ɗaura masa abin awon jini a dantse, sai ka ga jininsa ya haura 140 bisa 90, ma'aunin da ake fara kiransa hawan jini, nesa ba kusa ba. In na tambaye shi rabonsa da barcin kirki, sai ya yi dariya. Matsin aiki ne ke cin sa.

Jikin mutum bai san bambancin ganin kura da ganin kiran oga a waya ba. Duka biyun sinadaran tashin hankali yake saki cikin jini: zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su matse, wuya ya sage, ciki ya daina narkar da abinci yadda ya kamata. In na minti goma ne, babu laifi. Amma wanda ya kwana da fargabar takardar tuhuma, ya tashi da lissafin kuɗin mota da albashin da bai kai tsakiyar wata ba, jikinsa kullum a ɗame yake. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wannan lissafin ya ƙara nauyi.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, in aka gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40. Yanzu ka lissafa wa mai shago a babbar kasuwa da ke buɗewa bakwai na safe ya rufe bakwai na yamma, Litinin zuwa Asabar. Awa 72 ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ɓacin rai ke gangarowa. Oga ya yi wa akawu tsawa a gaban jama'a, akawu ya huce a kan masinja, masinja ya koma gida ya tarar miya ba gishiri, shi ke nan uwargida da yara sun shiga uku. Mu ma ma'aikatan lafiya ba mu tsira ba. Na taɓa daka wa wata mai ciki tsawa bayan na yi kwanan aiki biyu a jere, har yau ina jin kunyar abin. Ba halina ba ne, na ƙare ne. Wannan ƙarewar, tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince matsala ce da aiki ke haifarwa: ƙarfi ya tafi, ka tsani aikin da a da kake so, abin da kake gamawa cikin awa ɗaya ya koma cin yini.

Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba ya sauke jini. Haka ma goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari. Tramadol kuwa, rami ne.

In kai ne shugaba, yi wa ma'aikaci gyara a ofis, ƙofa a rufe, kuma ka bar mutane su tafi hutunsu na shekara. In kai ne ƙarƙashi, idan rai ya ɓaci, tashi ka yi alwala, ka ja numfashi a hankali kafin ka ba da amsa. Ka ci abincin rana a zaune. Bayan isha'i ka kife wayar. Ka samu mutum ɗaya, aboki ko matarka ko limamin unguwa, da za ka faɗa wa gaskiyar abin da ke cinka.

Idan rashin barci ko ƙunci ya wuce mako biyu, ko ka fara jin gara mutuwa, kada ka tsaya kemis. Ka je asibiti, in ya kama a tura ka Asibitin Koyarwa na Tarayya wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ba mahaukata kaɗai yake gani ba. Ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ɗaya kuwa, wannan ba ya jiran a tashi aiki.