Jirgi tagwaye ko mai ciki ɗaya: ga amsa, a bar ni in huta

Tun da na bar aikin teku na dawo Sakkwato, yaran unguwa masu kallon tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska a waya sun hana ni shan shayi cikin natsuwa. Ga amsa a rubuce.

Kawu, mene ne bambancinsu?

Wani cikinsa ɗaya, kamar kwale-kwalen Gulbin Rima. Wani biyu ne aka haɗa, shi ne katamaran. Mai uku kuma tirimaran.

Wanne ya fi gudu?

Tagwayen. Amma wa ke zancen gudu cikin guguwa?

To wanne ya fi tsira idan teku ta haukace?

Nan ne ba na son a matsa mini in zaɓi ɗaya. Mai ciki ɗaya ana rataya masa dalma ko ƙarfe mai nauyi a ƙasa. Igiyar ruwa ta kwantar da shi, nauyin nan ya sake miƙar da shi. Amma in ya huje, wannan nauyin ne zai ja shi ƙasa. Tagwaye kuwa faɗinsa ne ke riƙe shi, kifar da shi sai da kyar, amma in ya kife ya zama kunkuru rigingine, ba ya tashi. Sai dai yawanci ba ya nutsewa, yana yawo kan ruwa kamar goran masunta. A 1989 wani tirimaran, Rose-Noëlle, ya kife kusa da Niyu Zilan, mutum huɗu suka yi kwana 119 a kansa, suka fita da rai. Kada ku ce na ce ya fi. Ya danganta da girman jirgin, da sanyin ruwan, da kuma matuƙi. Mai ciki ɗaya yana karkacewa in iska ta yi yawa, ka san lokacin rage ƙyallen da ke kama iska ya yi. Tagwaye ba ya yi maka wannan kashedin, yana tafe sambal har sai ya juye. Matuƙin da ya yi gyangyaɗi a kansa ya shiga uku.

In jirgi ya lalace, ba gara a koma na roba na ceto ba?

Kai, a'a! A tseren Fasnet na 1979, tsakanin Ingila da Ayilan, jirage 303 suka tashi, guguwa ta afka musu, mutum 15 cikin masu tseren suka mutu. An gudu an bar jirgi 24, amma 5 kaɗai suka nutse. Muddin yana bisa ruwa, ka zauna cikinsa.

Za a iya kawo katamaran madatsar Goronyo?

Ku fara sa rigar kariya tukuna, ku daina loda buhunan albasa da babur da mutum hamsin a kwale-kwale ɗaya ranar kasuwa. Sannan ku dawo mu yi zancen katamaran.