Gireba

Gireba nau'in biskit ce da ake gasawa a gida da fulawa da sukari da mai, galibi a barbaɗa mata riɗi a kai. Tana cikin kayan fulawa da Hausawa ke yi domin gara da biki da suna da Sallah, tare da cincin da dubulan da alkaki. Abin da ya raba ta da waɗannan shi ne gasa ta ake yi maimakon soyawa, kuma a asalinta ba a kwaɓa ta da ruwa. Shi ya sa take da rauni a hannu, in an sa a baki ta marmashe ta narke tun kafin a tauna. Girebar da sai an sa haƙori da ƙarfi ta lalace, ko da ɗanɗanonta ya yi daɗi.

Suna da asali

Sunan ya fito daga Larabci. A Masar da Sudan ana cewa gurayyiba, a Siriya da Labanon da Falasɗinu ana cewa guraiba, a Maroko da Aljeriya kuma griba. Turkawa suna da kurabiye, Girkawa suna da kurabiyedes. Masana harshe sun rabu a kan tushen kalmar. Wasu na ganin ta samo asali daga garib, wato baƙo ko abin da ba a saba gani ba, wasu kuma na mayar da ita ga kalmar Turkanci kuru, mai nufin busasshe. Masu ra'ayin farko suna da hujja mai ƙarfi: a cikin Kitab al-Ɗabikh, littafin girke-girke da Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara a Bagadaza a ƙarni na 10, akwai wani biskit mai marmashewa da aka kira khushkananaj garib. A ƙarni na 15 kuma kurabiye ta riga ta shiga girkin Daular Usmaniyya, daga nan ta bazu a ƙasashen da daular ta mallaka.

Alamu sun fi nuna cewa ta hanyar fataucin Sahara ta iso ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma sun daɗe suna tasowa daga Tarabulus da Gadamas, su ratsa Agadas da Damagaram su sauke kaya a Kano, kuma fataken Larabawa da dama sun zauna dindindin a cikin birni da iyalansu. Sunayen unguwanni sun adana wannan tarihi: Dandalin Turawa, tun lokacin da Bature ke nufin Balarabe a bakin Bahaushe, da Alfindiki, daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. Sunayen abincin alkama ma haka suke. Ita kanta alkama daga al-ƙamh take, alkaki daga ka'ak, gurasa daga ƙursa, sukari daga sukkar. Gireba 'yar wannan gida ce.

A da abincin masu hali ce, domin alkama ba ta yin albarka da ruwan damina a ƙasar Hausa. Sai da sanyin hunturu ake shuka ta a fadamu da bakin koguna ana ban ruwa, sukari kuma daga nesa ake kawo shi. Abin da ya sauko da gireba zuwa gidajen talakawa shi ne farar fulawar inji. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960 a Apapa, daga baya aka samu injinan niƙa a Kano, fulawa ta zama abin da ake auna wa mutum a gwangwani a kantin unguwa. Ko a lokacin ba kullum take da araha ba. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, ba a ɗage haramcin ba sai 1992, kuma har yanzu mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje ake sayo ta, saboda haka farashin gireba yana bin farashin dala.

Kayan haɗi da dalilin marmashewarta

Abu uku ne ginshiƙi: fulawa, sukari, mai. Ma'aunin da ya shahara a girebar Larabawa shi ne kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na man shanu, da rabin kofi zuwa kofi ɗaya na niƙaƙƙen sukari. Biskit ɗin gargajiya na Sikotland, wanda shi ma ɗan wannan dangi ne ta fuskar haɗi, ana auna shi da nauyi: kashi ɗaya sukari, kashi biyu bota, kashi uku fulawa. A gidajen Hausawa an fi aunawa da gwangwanin madara, kuma an fi amfani da man gyaɗa, a rage yawansa tunda ruwa-ruwa ne. Wasu na ƙara madarar gari, wasu bekin foda kaɗan, wasu ɗan gishiri da abin ƙamshi.

Dalilin hana ruwa yana cikin fulawar. Alkama tana da wasu sinadaran gina jiki guda biyu waɗanda in suka haɗu da ruwa aka murza su sai su saƙa wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin burodi ya miƙe kamar roba, ya riƙe iska ya tashi. Mai burodi nemansa yake yi, mai gireba kuwa gudunsa take yi. In mai ya riga ya lulluɓe ƙwayoyin fulawa, ruwa ba ya samun hanyar shiga, danƙon ba ya haɗuwa, abin da zai fito daga wuta gari ne da mai da sukari suka riƙe da ƙyar. Saboda haka man shanun da aka soya ya fi bota dacewa, domin suyar ta ƙone ruwan da ke cikinsa, ita kuwa bota kusan kashi 80 cikin 100 ne mai, sauran akasari ruwa. Akwai masu yayyafa ruwa cokali ɗaya ko biyu in kwaɓin ya ƙi haɗuwa. Yana taimakawa wajen mulmulawa, amma da taushi ake biyan kuɗinsa, kuma wadda ta zarce cincin za ta gasa, ko me ta kira shi.

Sukarin ma sai an niƙa shi ya zama gari. Tunda babu ruwan da zai narkar da shi, in aka zuba shi da tsakinsa haka zai fito, ana ci ana jin ƙasa-ƙasa a haƙori. Da a turmi ake daka shi a tankaɗe da rariya mai laushi, yanzu bilenda ke yi, ko a sayi wanda aka niƙa.

Riɗi kuwa shi ne tambarin girebar Hausa. Misirawa suna dasa ƙwayar almon ko fistak ('ya'yan itace masu kama da gyaɗa) ko kanumfari ɗaya a tsakiyar tasu, amma riɗi amfanin gonar gida ne, ana noma shi sosai a Jigawa da Nasarawa da Binuwai. Ana wanke shi a rege tsakuwa, a shanya ya bushe sarai kafin ya taɓa kwaɓin.

Yadda ake yi

Ana tankaɗe fulawa a haɗa da sukari, sannan a riƙa zuba mai kaɗan-kaɗan ana murzawa da tafin hannu. Gwajin shi ne a damƙi kwaɓin a buɗe hannu. In ya tsaya da shatin yatsu a jikinsa ya yi, in ya zube yana son ƙarin mai, in kuma ya bar hannu yana naso an zarce, sai a ƙara fulawa. Da man shanu ko bota, ana fara buga man da sukari har ya yi fari ya yi sauƙi kafin a sa fulawa, a bar shi ya huta a wuri mai sanyi.

Siffar da aka san girebar Hausa da ita, mai tudu kamar rabin ƙwallo, daga ludayi take samuwa. Mai yi za ta ɗauki ƙaramin ludayin miya ko cokali mai zurfi, ta barbaɗa riɗi a cikinsa, ta cusa kwaɓin ta danna da babban yatsa har ya cika ya daskare, ta shafe bakin, sannan ta kife a kan tire ta ɗan ƙwanƙwasa bayan ludayin. In dannawar ta yi, sai ta faɗo sumul da riɗin a samanta. In ba ta yi ba, nan take za ta rabe biyu, a mayar cikin kwano a sake. A gidan da ake shirin gara wannan aiki kan ɗauki yini guda, mata sun kewaye baho, wata na cikawa, wata na jerawa, wata na gadin yara.

Wuta kaɗan take so. A obin ana gasa ta a zafin digiri 150 zuwa 170 na ma'aunin Salshiyas, minti 15 zuwa 25 gwargwadon girmanta. A Masar da Sham ana son ta fito fara tas, ja kaɗan ma aibi ne a wurinsu. Hausawa sun fi yarda da ɗan ja a ƙasa, wanda ke fito da ƙamshin riɗin. Ba a taɓa ta da zafi. Lokacin da ta fito daga wuta man cikinta bai kama ba, sukarin ma da taushi, ko yatsa aka ɗora sai ta wargaje. Sai ta huce a kan tiren ake kwashewa, kuma yawancin girebar da ke farfashewa gaggawa ce ta fasa ta.

Rashin obin bai taɓa hana yin ta ba. Ana zuba yashi mai tsabta ko gishiri a gindin babbar tukunya, a ɗora a wuta ya ɗau zafi, a sa duwatsu ko murfin gwangwani a ɗora farantin a kai don kada ya taɓa ƙasan, a rufe. Wasu na zuba garwashi a kan murfin domin saman ya gasu daidai da ƙasan. Masu yin da yawa kuma gidan burodi suke kaiwa, a saka musu bayan an kwashe burodi, lokacin da zafin tandar ya sauka. A unguwannin Alƙahira da Khartum ma haka ake yi a ƙarshen azumi, yara na ɗauke da manyan tirori a ka zuwa gidan burodi.

Matsayinta a gara da Sallah

Gara ita ce kayan abincin da iyayen amarya ke kai wa gidan ango bayan biki, wani lokaci kuma bayan haihuwar fari: buhunan hatsi, mai, da kayan zaƙi irin su nakiya da alkaki da dubulan da cincin da gireba. Dangin ango ne ke rarraba kayan zaƙin ga 'yan uwa da maƙwabta, kuma kowa ya san ana duba yawansu da kyansu, a yi magana. Gireba ta dace da wannan aiki saboda ba ta saurin lalacewa. Babu ruwan da ƙwayoyin cuta za su rayu a ciki, don haka in an rufe ta a mazubin da iska ba ta shiga takan yi makonni. Abin da ke kashe ta biyu ne, raɓar damina da ke sa ta yi laushi, da man da ya tsufa ya fara ɗoyi. Tafiya ma ba ta so, sai an jera ta a hankali a bokiti ko kwali. Yanzu mata da yawa sun mayar da ita sana'a, ana ba su kwangilar kayan gara a biya da mudu ko da bokiti, wasu kuma su ƙulla a leda su kai kantuna da makarantu.

Abin sha da ake haɗa ta da shi

Busasshiya ce, tana neman abin kora. Da safe ko da yamma shayi ne abokinta, musamman mai citta da kanumfari wanda ba a cika wa sukari ba, tunda ita ta riga ta ɗauke zaƙin. A taron rana an fi kawo ta da zoɓo, wanda tsaminsa ke yanke maiƙon, ko lemun citta, ko na tsamiya. Kunun aya ma ana haɗawa, sai dai shi akasin gireba ne wajen ajiya, in babu sanyi yakan yi tsami cikin yini ɗaya, don haka ranar taron ake haɗa shi.

Danginta a wasu ƙasashe

A Girka kurabiyedes abincin Kirsimeti ne, da almon a ciki, a birkiɗa shi cikin garin sukari har ya yi fari fat. A Maroko akwai griba bahla, wadda tsagewar samanta ce alamar ta yi kyau, abin da a Kano za a kira kuskure. Birnin Tabriz na Iran ya yi suna da ƙurabiya ta garin almon da farin ƙwai. A kudancin Sifen ana yin polboron da mantekado, musamman a garin Estepa, amma da kitsen alade ake yin na gargajiyarsu, abin da Musulmin da ya je can ya kamata ya lura da shi. Tunisiya kuwa tana da guraiba iri-iri, akwai ta fulawa, akwai ta garin wani irin wake da Larabawa ke kira hummus, akwai kuma ta garin dawa, wadda ba ta buƙatar dabarar kauce wa danƙo tunda dawa ba ta da gulutin.